Fashin Baƙi: Porsche 911, motar da ta haura shekara 60 da inji a gindi

Wanda ya saba da Sina'iyya, unguwar makanikai a Jidda, ya san motoci iri biyu ne ke shiga warsha. Akwai waɗanda ake gyarawa a sallama, su Hilux da Camry da GMC. Akwai kuma waɗanda in an sauke su daga kan satha, wato motar da ke ɗauko motoci a bayanta, sai kowa ya ajiye sifana ya zo kallo. Tsohuwar Porsche 911 tana cikin na biyun. Yaranmu masu koyon aiki, 'yan haihuwar Makka da Jidda, tambaya biyu suke yi duk sanda suka gan ta. Don me aka buɗe gaba aka tarar da wurin zuba kaya, inji kuma yana can baya? Sannan ta yaya motar da ta girme su, wadda mukayyif ɗinta, wato na'urar sanyaya cikin mota, ba ya iyawa da zafin Agusta, wani lokacin take fin sabuwar Land Cruiser kuɗi? Ba a kai ga amsar ta biyun sai an bi ta kan ta farkon.

Tushen abin Volkswagen Beetle ce, Bitil ɗin nan da iyayenmu suka sani a gida, wadda har a Legas aka riƙa haɗa ta daga 1975. Ferdinand Porsche ne ya tsara ta tun cikin shekarun 1930: inji a baya, iska ke sanyaya shi, babu lagireto balle ruwa. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu ɗansa Ferry ya ɗauki wannan tsari ya fitar da ƙaramar motar gudu, 356, a 1948. Da ta kwana biyu aka so wadda ta fi ta faɗi da ƙarfi, sai jikan gidan, Ferdinand Alexander Porsche, ya jagoranci zana jikin sabuwar. An nuna ta a baje kolin motoci na Frankfurt a Satumban 1963 da lamba 901. Kamfanin Peugeot, masu Fijo 404 da 504 da muka sani, suka ce lamba uku mai sifili a tsakiya tasu ce a Faransa. Mutanen Porsche ba su ja ba, suka cire sifilin suka sa 1, bayan an riga an ƙera 82 da tsohuwar lambar.

Injin da aka sa mata mai silinda shida ne a kwance, uku na bugawa dama uku hagu, lita 2.0, ƙarfin doki 130, iyakar gudunta kilomita 210 a awa. Camry ta yau ta fi ta ƙarfi. Abin dubawa shi ne inda injin ya zauna. Ba a tsakiyar mota yake ba, a bayan tayoyin baya yake, rataye a ƙarshen gindi, giyabos na gabansa. Saboda haka kusan kashi 60 cikin ɗari na nauyin motar a kan tayoyin baya yake. Duk injiniyan da aka ba farar takarda yau aka ce ya zana motar gudu, ba nan zai ajiye inji ba. Kamfanin ma ya sani, don Boxster da Cayman ɗinsa a tsakiya injinsu yake, haka 917 da 956 da ya yi ta cin tseren Le Mans da su.

Amma wurin na da alherinsa. In ka taka totur nauyin mota baya yake komawa, ya ƙara danne tayoyin da ke tura ta, sai ta tashi ba tare da taya ta tsaya wulwulawa a banza ba. In ka taka birki nauyin ya gangaro gaba, da ma gaban sakayau yake, sai tayoyi huɗun su raba aikin. Shi ya sa aka san 911 da kama birki. Sitiyarinta ba nauyi, duk abin da taya ta taka za ka ji shi a tafin hannunka. Sannan an samu sarari a bayan direba aka sa 'yan kujeru biyu. Babba ba ya shiga sai da nadama, amma yara na shiga, jaka na shiga, kuma wannan 'yar kujerar ce hujjar da magidanta da yawa suka kafa a gida kafin su saya.

Sharrin yana kwana. Ka wurga fartanya ka gani, kan ƙarfen ne ke neman wucewa gaba, ƙota ta biyo shi. Haka tsohuwar 911 take in direba ya shiga kwana da gudu, tsoro ya kama shi, ya ɗage ƙafa daga totur. Nauyi ya bar tayoyin baya a daidai lokacin da suka fi buƙatarsa, injin da ke rataye a gindi ya ci gaba da tafiyar da ya ɗauko, sai ka ga bayan motar ya zagayo ya wuce gabanta. Ɗauki hawan Hada, in ka baro Makka za ka Ɗa'if, inda kwana ke bin kwana, ga dutse ga rami. A Camry in ka ga ka shigo da gudu fiye da kima, ka saki totur, mota ta natsu. A tsohuwar 911 wannan abin da hankalinka ya ba ka shi ne zai haɗa ka da shingen hanya. Dole ka gama rage gudu tun kafin kwanar, a cikinta kuma ƙafa ta zauna a kan totur ko da zuciya na dukan uku-uku. Bayani nake yi, ba izini nake bayarwa ba. Hada hanyar iyalai ce, ga birai a bakin titi, ga kyamarar Saher mai kama masu gudu tana jira.

Tarihin 911 kusan duka tarihin lallashin wannan halin ne. Dabarar farko har dariya take ba mutum: a wasu motocin farko ɓoye dunƙulen ƙarfe biyu aka yi, kowanne kilo 11, a cikin bamban gaba don hanci ya yi nauyi. Kamfanin da ke auna kowane noti don rage nauyi, ga shi yana lafta ƙarfen banza. A 1968 aka matsar da tayoyin baya da milimita 57 don tazararsu da na gaba ta ƙaru, aka kuma raba batir biyu, ɗaya a kowane gefe na gaba. A 1972 Carrera RS 2.7 ta fito da tayoyin baya da suka fi na gaba faɗi, da ɗan fiffike a kan murfin inji don iska ta daina ɗaga bayan. Guda 500 aka yi niyyar ƙerawa don cika sharaɗin shiga tsere, masu saye suka yi rububi har sai da aka kai 1,580. Ƙirar 911 mai lamba 964 ta ƙarshen shekarun 1980 ta zo da mai ja da taya huɗu, da birkin ABS, da sitiyari mai fawa. Ƙirar 993 ta 1993 ta zo da sabuwar ƙafar baya mai hannuwa da yawa, wadda ke riƙe taya a saitinta ko an saki totur. Daga baya kwamfuta ta shigo, tana taka wa taya ɗaya birki kafin direba ya ankara. A 2011 aka ƙara tazarar tayoyin da milimita 100, a 2013 kuma aka koya wa tayoyin baya su ma su riƙa ɗan juyawa. Duk wannan wahala don kada a ɗaga injin daga mazauninsa. Amma a motar tsere ta RSR ta 2017, inda agogo kaɗai ke hukunci, sai aka juya shi ya koma gaban tayoyin baya, ba tare da wani dogon surutu ba.

A tsakiyar lallashin kuma suka ƙara wa wuta fetur. Turbo ta farko, 930, ta shiga kasuwa a 1975 da doki 260, ba a jima ba ta koma lita 3.3 da doki 300. Turbo na'ura ce da hayaƙin inji ke juyawa, ita kuma ta cusa masa iska. Ta wancan zamanin sai inji ya hau sosai take farkawa. Ka taka, shiru. Ka ƙara takawa, shiru. Can sai ƙarfin ya zo gaba ɗaya. In hakan ya same ka a tsakiyar kwana, sai dai addu'a. Turawa har laƙabi suka yi mata da mai sa matan aure takaba. Giya huɗu kacal gare ta, sai a shekararta ta ƙarshe, 1989, ta samu ta biyar.

Shugabannin kamfanin da kansu sun taɓa yanke ƙauna da ita. A shekarun 1970, zamanin Ernst Fuhrmann, an yi hasashen dokokin hayaƙi da na ƙara da na kariya a Amurka, babbar kasuwarsu, za su kashe mota mai inji a baya. Aka ƙera mata magajiya, 928, a 1977: inji V8 a gaba, ruwa ke sanyaya shi, nauyi a rabe daidai wa daida. A takarda ta fi 911 ta kowace fuska, har ta ci kyautar motar shekara ta Turai a 1978. Masu saye suka yaba, suka wuce suka sayi 911. A farkon 1981 aka naɗa Peter Schutz, Ba'amurke haifaffen Jamus, ya shugabanci kamfanin. Labarin da shi da kansa ya riƙa bayarwa shi ne ya shiga ofishin babban injiniya Helmuth Bott, ya ga jadawali a bango inda layin 911 ya yanke, sai ya ɗauki alƙalami ya ja layin ya wuce takardar ya bi bango. Ita 928 ce aka daina ƙerawa a 1995. A ganina nan ne gaɓar. Tun daga ranar, siffar motar da mazaunin injinta suka fita daga hannun injiniyoyi suka koma hannun masu biyan kuɗi. Su injiniyoyin aka bar musu sauran, sauran kuwa ba su bar komai yadda suka same shi ba.

Canjin da ya fi tayar da ƙura shi ne na sanyaya inji, kuma ba za ka gane abin da aka bari ba sai ka leƙa murfin bayan tsohuwar. Na taɓa ganin haka a warshar wani dattijo Bahaushe, asalinsa Bakano amma a Makka ya tashi, ranar da aka kawo masa Carrera 3.2 ta tsakiyar shekarun 1980. In an ɗaga murfin, abin da ke fara kallonka wata babbar fanka ce a tsakiya, na'urar caji a cikin cibiyarta, fanbel ɗaya na ja. Babu murfin lagireto, babu robar ruwa. Yaron warshar ya zaro sandar gwada mai inji na kashe, ya ga ta fito a bushe, ya ruga ya ɗauko galan.

"Mu'allim, babu mai ko ɗigo. Allah ya kiyaye ba a tayar da ita ba."

"Ajiye galan ɗin nan, ɗana. Wannan ba Hilux ba ce."

Dattijon ya nuna masa cewa bakin man wannan motar ba a kaskon ƙarƙashin inji yake kwana ba, tanki gare shi daban a cikin kafaɗar baya ta dama, kuma motar na cin fiye da lita 10. In an kashe inji ya huce, wani kaso na man na gangarawa ƙasa, sai sanda ta yi maka ƙarya. Wanda ya yarda da ita ya ƙara mai, to in inji ya ɗauki zafi man zai yi ambaliya ya bi hanyar iska, mota ta yi ta tuƙa hayaƙi. Ya tayar da ita, ya bar ta tana aiki a wuri mai daidaito har allurar zafi ta hau. Sannan ya kama hannun yaron ya ɗora a kan bututun da suka bi ta ƙarƙashin ƙofar dama zuwa gaba, inda ƙaramin lagireton mai yake.

"Ka ji ɗumi? Yanzu ta buɗe hanya. To je ka gwada, kada ka kashe."

Man ya fito tsakanin layuka biyu. Kafin yaron ya rufe murfin, dattijon ya ɗan danna fanbel da babban yatsa ya ce, "In kana tafe ka ga jar fitilar caji ta kama, kada ka ce bari in ƙarasa gida. Wannan ne ya tsinke, fanka ta tsaya. Faka nan take, ko a hanyar Haramain ne." Shi ya sa kamfanin ke haɗo sabon fanbel a cikin jakar sifanun motar tun daga Jamus.

Iska da mai ke nan suka raba aikin sanyaya injin, kuma a sanyin Jamus sun wadatar. A cunkoson titin Madina cikin Yuli labari ya sha bamban. Inji ne ke juya fankar, in mota na tsaye fankar ma a kasalance take juyawa, ga kwandensan mukayyif a manne da murfin inji yana ƙara wa iskar da ke shiga zafi. Injin lita 2.7 na tsakiyar shekarun 1970, wanda aka zuba gidansa da ƙarfen maganiziyam, ya yi ƙaurin suna wajen sakin dogayen kusoshin kan silinda in zafi ya yi masa yawa. Shi ya sa masu irin waɗannan motoci a nan ba ka ganinsu a Korniche, titin bakin teku, sai da dare, sai kuma hunturu. Masu cewa da tsohuwar zuma ake magani, yawancinsu da wata motar suke zuwa aiki. Baya ga zafi, iska ba ta iya sanyaya kan silinda mai bawul huɗu yadda ya kamata, ga dokokin hayaƙi da na ƙara na daɗa tsanani. Kamfanin ya daɗe da sanin haka, don tun 1978 ya sa wa kan silindar motar tserensa 935/78 ruwa, haka motarsa ta musamman 959.

Abin da ya tilasta canjin a ƙarshe talauci ne. Dala ta faɗi a tsakiyar shekarun 1980, motocin Jamus suka yi tsada a Amurka. Cinikin kamfanin a can ya sauko daga motoci sama da 30,000 a 1986 zuwa ƙasa da 4,000 a 1993. Wendelin Wiedeking, wanda ya karɓi ragama a wannan tsukin, ya gayyato Japanawa tsofaffin ma'aikatan Toyota suka shiga masana'antar kamfanin da ke Zuffenhausen suka koya wa Jamusawa yadda ake rage tarin kaya da ɓata lokaci. Ka ƙiyasta ɗacin wannan a zuciyar injiniyan Jamus. Aka tsara motoci biyu masu gaba iri ɗaya don a rage kuɗin ƙira: Boxster a 1996, da sabuwar 911 ƙirar 996 a 1997, mai lita 3.4 da doki 300, ruwa ke sanyaya ta. Ta ƙarshe mai sanyin iska ta bar masana'anta ranar 31 ga Maris, 1998. Masoyan tsohuwar suka yi ca, suka ce an kashe 911, suka yi wa sababbin fitilun ba'a da soyayyen ƙwai. Aka sayar da 996 sama da 175,000, alhali 993 da ake ta kuka a kanta ba ta cika 69,000 ba.

Ba wai 996 ba ta da laifi ba. Akwai wani boris a ƙarshen sandar da ke tsakanin karanshaf da sarƙoƙin taimin, makanikai na kiransa IMS. A rufe yake da girisinsa, in girisin ya wanke boris ya ci kansa, sarƙa ta zame, bawul ya haɗu da fistin, inji ya tashi aiki. Ba kowace ke yi ba, amma wadda ta yi, kuɗin gyaran na iya kusantar kuɗin motar. Matsalar ta Carrera ce ta 996 da farkon 997. Turbo da GT3 na wannan zamanin sun tsira don gidan injinsu daga tsohon tsarin injiniya Hans Mezger ya fito. Sabon injin 2008 ya zo babu wannan sandar kwata-kwata. Wani abin da ya shafe mu a nan: lagiretocin a kusurwoyin bamban gaba suke, ƙasa-ƙasa. Yashi da leda da ganye na taruwa a bayan kwandensa, laimar teku mai gishiri ta jiƙa su, tsatsa ta ci ƙasan lagireto ba wanda ya gani sai ruwa ya fara ɗiga.

Sunan Mezger ya kawo mu ƙasar nan. A farkon shekarun 1980 ƙungiyar tsere ta McLaren na neman injin turbo na gasar Formula 1, Porsche na da gwaninta amma ba ya son zuba kuɗinsa. Wanda ya biya shi ne Mansour Ojjeh, ɗan attajirin Saudiyya Akram Ojjeh, ta kamfaninsu na TAG. Mezger ya tsara injin, sunan TAG aka rubuta a kansa, kuma a cikin jikin 911 Turbo aka ɗora shi aka yi wasu gwaje-gwajen. Da shi Niki Lauda ya ci gasar duniya a 1984, Alain Prost ya ci a 1985 da 1986. A shekarun nan kuma Saeed Al-Hajri na Ƙatar ya lashe gasar ralin Gabas ta Tsakiya ta 1984 da ta 1985 da 911 SC RS. Ministan wasanni Yarima Abdulaziz bin Turki Al-Faisal ma tsohon direban tsere ne, ya taɓa lashe gasar 911 GT3 ta yankin nan.

Amma wanda ya fi taɓa mu shi ne na sahara. A 1984 aka ɗaga ƙafar wata 911, aka sa mata ja da taya huɗu, aka shigar da ita tseren Paris zuwa Dakar, wanda a lokacin ke ratsa Aljeriya ya faɗa Nijar ta wajen Agadas da Tenere. René Metge ya zo na ɗaya da ita. A 1986 ya sake cinyewa da 959, Jacky Ickx ya zo na biyu. Ga mai inji a gindi yashi ba abin tsoro ba ne, don nauyin na kan tayar da ke tura ta, hancin kuma bai cika nutsewa ba. Darasin ja da taya huɗu da aka ɗauko a wannan hamadar shi ya ƙare a Carrera 4. Wato dattijon da ya baro Agadas ko Damagaram ya zauna a Makka zai yiwu ya ga ƙurar 911 tun kafin jikansa ya gan ta a titin Tahliya. Tseren kuma ya biyo mu: tun Janairun 2020 a Saudiyya ake yin Dakar, daga Jidda aka tashi na farkon. A 2022 kamfanin ya fitar da 911 Dakar mai doguwar ƙafa, guda 2,500 kacal.

Na baya-bayan nan ba sa buƙatar dogon bayani. 997 ta 2004 ta dawo da zagayayyun fitilu don a huce, a 2008 ta samu giyar PDK mai kuloci biyu. 991 ta 2011 ta koma sitiyarin lantarki, aka yi kuka. A 2015 aka sa wa Carrera ta yau da kullum turbo, aka sake kuka. Ranar 11 ga Mayu, 2017 aka ƙera ta cikon miliyan ɗaya. 992 ta fito a ƙarshen 2018, a 2024 kuma GTS ta zo da haɗin fetur da lantarki, doki 541, da ɗan batir mai nauyin kilo 27 da aka ajiye a gaba don daidaita nauyi. Injinta ba shi da fanbel ko ɗaya, lantarki mai ƙarfin bolt 400 ke juya mukayyif, abin da zai sa yawancin warshoshin Sina'iyya su ce a kai ta wakala, wato wajen wakilin kamfanin. Kuma kada a manta da masu ciyar da gidan. Cikin motoci kusan 310,000 da kamfanin ya sayar a 2024, wajen 51,000 ne 911, Cayenne kaɗai ta ninka ta. Motar kai yara makaranta da aka zaga a 2002 ita ke biyan kuɗin wasan.

To me ake saye in an sayi tsohuwa da tsadar nan? Wani kason lissafi ne kawai. An daina ƙera mai sanyin iska tun 1998, masu so na ƙaruwa, ga kamfanoni irin Singer na Amurka da ke sayen 964 su warware ta su sake gina ta, kowace suka ɗauka an rage ɗaya a kasuwa. Wani kason ƙarko ne: tun tsakiyar shekarun 1970 ake yi wa bodin rufin tutiya don tsatsa, kuma kamfanin na cewa sama da kashi 70 cikin ɗari na duk waɗanda ya taɓa ƙerawa har yanzu suna tafiya.

Ni dai ban yarda cewa ruwa ne ya ɓata 911 ba. A ƙasa irin wannan, ruwa gyara ne. Abin da aka yi asara girma ne. Ta farko kilo 1,080 ce, faɗinta santimita 161. Carrera ta yau ta haura kilo 1,500, faɗinta santimita 185, tana kai kilomita 100 cikin daƙiƙa huɗu, iyakarta 294. Iyakar gudu a manyan hanyoyinmu, har da ta Makka zuwa Madina, ba ta wuce 140 ba. A wannan gudun sabuwar ko gumi ba ta fara ba, kai ma da ke ciki ba abin da aka nema a wurinka. Tsohuwar kuwa a 80 ma tana ba ka aiki: sitiyari na motsi a hannunka, giya na son a lallaɓa ta, kukan fanka na bayan kunnenka, kuma ka san in ka yi wauta ba kwamfutar da za ta cece ka. Wannan ne masu kuɗin ke biya, ko da bakinsu na cewa iska.

Ga mai sha'awa a nan, doka ma na da ta cewa. Ba a shigo da motar hannu da ta wuce shekara biyar, sai wadda ta haura 30, wadda ake ɗauka kayan tarihi da nata sharuɗɗan daban. Saboda haka 996 da 997 da 991 da za ka samu su ne waɗanda da ma suke cikin ƙasa, sun sha ranar nan tun suna sababbi, kuma rana ta fi kilomita tsufar da roba da tiyo da fatar kujera. In da ni ne mai saye da kuɗin da na tara da gumi, 997 ta bayan 2008 zan nema. Kuma ba zan tsaya ga takardar fahas, ta binciken lafiyar mota, ba. Sai an cire bamban gaba na ga ƙasan lagireto da idona, an yanka filtar mai an duba ko akwai garin ƙarfe, an zura kyamara ta ramin fulogi an ga bangon silinda, sannan a zauna maganar riyal.